Ɗan Poli ne, ko baƙo? Tambayar da takarda ta kasa amsawa

Bara wani tsohon ɗalibina ya zo gida da fayil ɗinsa na jarrabawar shiga makarantar horar da malamai. A Poli aka haife shi, a nan aka haifi babansa. Kakansa ne ya zo daga Kano da fatauci, ya yi aure, ya rasu a nan. A wani ofis da ya je neman sa hannu, ma'aikacin ya dubi sunansa ya ce: "Kai Bahaushe ne, ina asalinka na gaskiya?" Yaron ya tambaye ni: "Malam, ni ɗan ina ne?" Wallahi na rasa abin cewa.

Ga tushen maganar. Tun 1982 Kamaru take raba guraben shiga manyan makarantun gwamnati, irin su ENAM, bisa yankin da ɗan takara ya fito. Ana kiran tsarin daidaiton yankuna, kuma asalin iyaye ake dubawa, ba inda yaro ya tashi ba. Kundin tsarin mulki na 1996 ma ya yi alkawarin kare tsiraru da 'yan asalin ƙasa. Ban ƙi wannan tsari ba. In babu shi, yaron Dowayo daga ƙauyukan Faro, wanda ya yi karatu a aji mai malami ɗaya, yaushe zai kamo ɗan Yawunde? Abin da ya sa mutanen Arewa suka tashi tsaye kan rabon gurabe lokacin da aka buɗe makarantar malamai ta Marwa a 2008 ke nan.

Matsalata ita ce yadda ake tantancewa. Babu wata rajista da ke nuna wane ne ɗan asalin wuri. Sai a koma ga suna, ko harshe, ko ra'ayin wanda ke riƙe da hatimi. Mai hanya da kuɗi yana iya samun takardar da ta mai da shi ɗan Arewa ko da bai taɓa shan ruwan Binuwai ba. Mu kuma Hausawa, da 'yan'uwanmu Mbororo, da aka san mu da tafiye-tafiye, kullum ana mana kallon baƙi, alhali kaburburan kakanninmu suna nan.

Shawarata ga jami'o'inmu, har da Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, da ma'aikatun da ke shirya jarrabawa: a dogara ga abin da ake iya bincikawa. Ina aka haifi yaro? A wace firamare da sakandare ya yi karatu? Rajistar makaranta ba ta san ƙabila ba, kuma yi mata ƙarya ya fi wuya. Wanda ya zauna a bencinmu shekara goma sha uku, shi ya ɗanɗani rashin da aka kafa tsarin dominsa.

Amma mu ma da laifinmu. Kowace shekara ina ganin yara sun kai ajin ƙarshe na firamare babu takardar haihuwa, sai an shiga kotu a makare. Iyaye, ranar suna a yanka rago, a yi addu'a, sannan a wuce ofishin magajin gari a yi wa jariri rajista. Limamai su riƙa tunatarwa a huɗuba. Yaron da ba shi da takarda ba zai ma kai ga ofishin da za a yi masa waccan tambaya ba.