Rancen Noma Ba Kyauta Ba Ne

A shekarar 2015 Babban Bankin Nijeriya ya buɗe shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi, ya yaɗu har Jigawa. A wancan lokacin ana ba da iri da taki, a biya bayan girbi. Da yawa ba su biya ba, wai rabonsu ne na arzikin ƙasa.

Manomin Birnin Kudu ko Gwaram mai wannan ra'ayi, sai ya auna shi da mudu uku. Na farko na Bentham, masanin Ingila: a dubi abin da zai haifar. Ya ci buhu ɗaya, ya rufe wa ƙauyensu ƙofar rance baɗi. Na biyu na Kant Bajamushe, a 1785: in kowa ya ci bashi da niyyar ƙin biya, wa zai ƙara ranta wa wani? Na uku na Musulunci: bashi amana ne, ko gado ba a rabawa sai an biya shi.

Wanda ambaliya ta cinye gonarsa, lalle a yi masa jinkiri. Amma wanda ya girbe ya ƙi biya, zamba ya yi, ko da wane mudu aka auna.