Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Ingancin Wutar Lantarki a Ƙasar Yawuri

A shekarar 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka girka wa injina takwas masu iya samar da megawat 760 na wutar lantarki. Kafin ruwa ya taru ya zama tafki, sai da aka tayar da mutane fiye da dubu arba'in daga garuruwansu na gado. Cikinsu har da Gungawa mazauna tsibiran Yawuri, da sauran al'ummomin bakin ruwa na ƙasar Ngaski. Sun bar gonakinsu da kushewun kakanninsu domin ƙasa ta sami haske. Daga baya wayoyin Kainji suka ratsa ƙasarsu zuwa Birnin Kebbi, har aka miƙa wutar zuwa Yamai. To amma mai injin casar shinkafa a Wara ko Yelwa ko Shanga, wace irin wuta ce take isa gare shi?

Galibi idan ana kukan wuta, kukan ɗaukewa ake yi. Hatta tsarin kuɗin wuta da hukumar NERC ta shigo da shi a 2020, da sa'o'i ya raba masu amfani da wuta: rukunin A aƙalla sa'a 20 a rana, rukunin E kuwa sa'a 4. Sai dai fa yawan sa'o'i ba ya nuna lafiyar wutar da aka kawo. Akwai wadda za ta wuni ba ta ɗauke ba, amma ba ta iya tayar da injin niƙa. Irin wannan kuwa ta fi rashin wutar ɓarna, domin masu iya magana sun ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Dalilin haka a fili yake. An ƙera kayan aikin ƙasar nan ne domin wuta mai ƙarfin bolt 230 a gidaje, da kamar bolt 400 ga manyan injina masu shan layi uku. Idan waya ta yi tafiya mai nisa, ko aka ɗora wa taransifoma lodin da ya fi ƙarfinta, sai ƙarfin ya ragu kafin ya iso. Raguwar kashi goma cikin ɗari kawai takan rage wa injin kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin juyinsa. Shi kuwa injin, saboda nauyin da ke kansa bai ragu ba, sai ya riƙa zuƙar wuta fiye da ƙima, kwayil ɗinsa ya yi zafi. Masana sun daɗe da lura cewa duk ƙarin zafi na digiri goma yakan raba tsawon ran rufin kwayil gida biyu. Haka kuma idan layi ɗaya cikin ukun ya mutu, injin zai ci gaba da gurnani a kan biyun da suka rage har ya ƙone. Sannan ga wutar da takan dawo da ƙarfin tsiya bayan ɗaukewa, ta halaka firji da kwamfuta cikin ƙiftawar ido.

Wanda ya san ƙasar Yawuri ya san cewa arzikinta yana ga kifi da shinkafa da albasa. Kifi ba ya jiran wuta ta gyaru. Idan babu ƙanƙara, dole masunci ya yi banda ko ya karyar da farashi kafin rana ta take. Mai injin casa da ya sha ƙonewar kwayil sau biyu ko uku yakan haƙura ya koma ga janareta, ya ɗora kuɗin man a kan manomi. Daga ƙarshe sai a loda shanshera a mota a kai ta manyan injinan Argungu ko Birnin Kebbi, ribar casa da aikin yi su bi ta can.

Wani zai ce wanda bai sami wuta ba, ina shi ina zancen ingancinta? A bari ta wadata tukuna. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ta manta cewa abin da ke raunana wuta shi ne kuma ke ɗauke ta. Taransifomar da ke ba da wuta mara ƙarfi yau saboda lodi, ita ce za ta ƙone gobe, unguwa ta yi watanni cikin duhu. Ashe auna ƙarfin wuta hanya ce ta gano inda za ta yanke tun ba ta yanke ba. Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya: ba duk laifin ke wuyan kamfani ba. Mai walda da ya rataya wayarsa a layin gidaje, da masu satar wuta, da mai jona injin da siririyar waya, duk suna da nasu kamasho.

Saboda haka abin da ya kamata shi ne a fara da awo. Akwai na'urorin da ake maƙalawa a jikin taransifoma su yi mako guda suna rubuta hawa da saukar wuta dare da rana. Ya dace kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda Jihar Kebbi ke ƙarƙashinsa, ya yi irin wannan awo a kasuwannin Yelwa da Wara da Shanga, sau ɗaya da bazara, sau ɗaya da damina, ya kuma bayyana wa jama'a sakamakon. Hukumar da aka kafa domin raya yankunan madatsun ruwa tana iya ɗaukar nauyin na'urorin, ɗaliban injiniya na jami'ar Aliero su yi aikin. Da sakamakon ne za a san inda ke bukatar ƙarin taransifoma, da inda za a daidaita lodi tsakanin layuka uku, da inda za a ware wa masu sana'a layinsu daban. Su ma ƙungiyoyin masu injina su tilasta wa 'ya'yansu sanya na'urar da ke kashe injin da zarar wuta ta yi ƙasa ko layi ya mutu, domin kuɗinta bai kai na naɗin kwayil ba.

Mutanen da suka ba da ƙasarsu aka yi tafkin Kainji ba sadaka suke roƙo ba. Haƙƙinsu ne a kawo musu wutar da za ta juya injin ba tare da ta ƙone shi ba.