Awo kafin magani

Jama'a, asibiti gidan neman lafiya ne, amma can ma akwai ƙwayoyin cuta. Ido ba ya ganin su. Sukan bi hannu mai dauɗa su shiga ciwon wanda aka yi wa aiki.

In ciwo ya yi mugunya, likita yakan ɗebi kaɗan a kai ɗakin awo. Can ake renon ƙwayoyin kwana 2 ko 3, har a gane irinsu da maganin da ke kashe su.

Mu yi haƙuri da kwanakin nan. Kada mu zuba kuɗin albasarmu ta Galmi wajen ƴan tallar kafso a kasuwar Ƙwanni ko Illela. Maganin da aka sha bisa kintace yakan sa ƙwayoyi su daina jin magani.