Ɗalibi Yana Aji, Hankalinsa Ba Ya Nan

A makarantu da dama akan sami ɗalibin da ke zaune a aji ido buɗe, amma in malami ya kira sunansa sai ya yi firgigit kamar an tashe shi daga barci. Wani yakan kasa tuna abin da ya wakana tun safe, wani kuwa ya ce ji yake kamar jikinsa ba nasa ba ne. Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran wannan hali rabuwar hankali, watau tunani da ji da tunawa su daina tafiya tare.

Tun a 1889 wani masani Bafaranshe, Pierre Janet, ya bayyana cewa in firgici ya fi ƙarfin mutum, hankalinsa yakan ware abin ya jingine shi gefe. A 1986 masana biyu a Amurka, Bernstein da Putnam, suka tsara tambayoyi 28 na auna halin. Da aka riƙa yi wa ɗaliban jami'o'i tambayoyin, sai aka ga waɗanda suka ce an ci zarafinsu suna yara sun fi saura fama da shi.

To, nan fa gardama ta tashi. Harald Merckelbach na Jami'ar Maastricht a ƙasar Holan ya ce mai rabuwar hankali yakan kasance mai yawan saƙe-saƙen zuci, saboda haka labarin wahalar da zai bayar yana iya samun ƙari. Amma a 2012 Constance Dalenberg da abokan aikinta suka bi diddigin bincike masu yawa, suka tarar dangantakar tana nan daram, har a inda aka tabbatar da cin zarafin da shaida, ba da bakin mai shi kaɗai ba.

Wannan magana ta shafi Nijeriya ƙwarai. An sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, da samari fiye da 300 a Ƙanƙara a 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe a 2021. Wanda ya komo aji daga cikinsu, jikinsa ya kuɓuta, amma zuciya ba ta saurin barin daji.

Ba kowane shiru ne ke da tushe a firgici ba. Yunwa da rashin barci da farfaɗiya ma sukan kawo irinsa. Saboda haka kafin a ɗauki bulala, ko a yanke cewa aljanu ne, ya kamata malami ya keɓe yaron ya saurare shi. In abin ya dage, a kai shi ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware. Allah ya kiyaye 'ya'yan jama'a.