Wa Ya Ce Ba Su Ba Ne?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai na amayar da ita, wanda ya ji haushi ya sha ruwan sanyi.

Kwanan baya, a wajen wani taron shaƙatawa na ɗalibai a nan birnin Katsina, wata 'yar ƙungiyar samari makaɗa ta sake hawa dandali bayan ta yi shekara biyu ba a ji ɗuriyarta ba. Kiɗansu shi ne irin wanda Turawa ke kira rok, watau jita mai aiki da lantarki haɗe da ganguna, amma da Hausa suke waƙa. Su biyar suka kafa ta, biyu kaɗai suka rage. Mawaƙinsu ya gama karatu ya tafi bautar ƙasa, mai ganga ya sami aiki a wani gari, na ukun kuwa mahaifinsa ya rantse in ya ƙara ganinsa da jita ya daina biya masa kuɗin makaranta. Biyun nan ba su karaya ba. Suka nemo ƙananan ɗalibai uku, suka yi watanni suna koya musu a cikin wani shago da janareton haya.

To, me muka saka musu da shi? Tun ba su gama daidaita tsirkiya ba, sai wasu daga baya suka ɗauki ihu, wai ba su ba ne. Masu shirya taro suka ba su minti 15, sa'an nan aka kashe musu lasifika domin a ba wani tauraro fili, wanda ya zo da waƙarsa a cikin waya, aka kunna masa, yana ta motsa baki. Shi aka biya. Su kuwa ko kuɗin keken da ya ɗauko musu kaya, daga aljihunsu ya fita. Ina wurin, na gani da idona, kuma na ji kunya.

Bari mu fara da masu ihu. Wai shin da kuka ce ba su ba ne, su wa kuke nema? Ku da kuke cika filin wasa na Muhammadu Dikko don kallon Katsina United, 'yan wasa nawa ne suka rage daga cikin waɗanda kuka sani shekara goma da suka wuce? Ban taɓa jin wanda ya tashi ya ce ba Katsina United ba ce. Ku je ƙofar fadar Sarki ranar Hawan Salla ku saurari tambari. Hannun da ya buga shi a zamanin Sarki Dikko ya daɗe da komawa ga Mahaliccinsa, amma tambari bai yi shiru ba, domin iyayenmu sun san cewa kiɗa gida ne, ɗa yana gadon uba, yaro yana koyo a gindin ubangidansa. Ƙungiyar ɗalibai kuwa, dole ne ta riƙa sāke fuska, tun da kowa shekara huɗu ya zo yi ya kama gabansa. Wanda ya ce sai fuskokin farko, to ya yanke wa kowace ƙungiyar makaranta hukuncin kisa tun ranar da aka haife ta.

Sai masu ilmin cikinmu, masu ɗaga hanci, waɗanda suka ce ai da yaran nan sun iya, da tuni wani kamfanin faifai ya ɗauke su. Haba jama'a! Ku leƙa maƙwabta mana. A birnin Yamai na Jamhuriyar Nijar, a shekarar 2000, wani makaɗin jita mai suna Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ya kafa ƙungiyar Tal National. Mutumin nan ya yi aikin alƙali, watau ɗan boko ne kamar yadda muke fatan zama, bai kuwa ga jita ta rage masa daraja ba. Ya tara Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye a ƙungiya guda. Babu kamfanin da ke rarraba musu faifai, sai suka riƙa sayar da abinsu da kansu a bakin titi da shataletale. Sukan yi wasa dare biyar a mako, wasa ɗaya ya kai awa biyar. Da yake irin wannan aiki ya fi ƙarfin mutum shida, sai suka tara makaɗa fiye da goma suna karɓa-karɓa, har ƙungiyar takan rabu biyu ta yi wasa a wuri biyu a dare guda. Abin da muke kira rauni, watau canjin makaɗa, shi suka mayar ginshiƙinsu. Sai a 2013, bayan shekara 13, kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da faifansu Kaani ga duniya, wasu biyu suka biyo baya a 2015 da 2018. Kamfani ya tarar da su a tsaye ne, domin mutanen garinsu sun riga sun tsayar da su. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Akwai kuma masu cewa wanda ya yi shekara biyu shiru ya mutu, a yi masa addu'a kawai. Waɗannan ba su karanta tarihin kiɗan Afirka ba. Ƙungiyar Orchestra Baobab ta birnin Dakar a Senegal, wadda aka kafa a 1970, ta watse a 1987 sa'ad da sabon salon kiɗa ya kwashe mata 'yan kallo. Gwanin jitarta, Barthélemy Attisso, ya koma ƙasarsu Togo ya kama aikin lauya. A 2001 suka sake haɗuwa, a 2002 suka fitar da sabon faifai, suka zaga duniya. A Zambiya ma, ƙungiyar rok mai suna WITCH ta yi tashe a shekarun 1970, sa'an nan ta ruguje, yawancin waɗanda suka kafa ta suka rasu, mawaƙinta Jagari Chanda ya koma haƙar duwatsu masu daraja. Ya dawo da sababbin samari, a 2023 suka fitar da faifai mai suna Zango, bayan kusan shekara 40. In shiru na shekara 14 bai kashe Baobab ba, shekara biyu ce za ta kashe yaranmu?

Saboda haka laifin yana wuyanmu. Mu ne muka mai da kiɗa abin kunnawa a waya, muka gwammace mutum ɗaya da kwamfuta saboda ya fi araha, alhali makaɗa biyar masu gumi suna gefe. Mu ne muke rawa da daddare, gari ya waye mu kira makaɗin maroƙi, mu hana shi auren ƙanwarmu. Mu ne muke yabon Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos a takardun jarrabawa, amma in ɗan ajinmu ya ɗauki abin kiɗa sai mu ce ya lalace. Masu cewa jita baƙuwa ce, su tuna Bala Miller ya daɗe da rera Hausa a kanta, kuma tsirkiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar garaya da gurmi da kuntigi. Wannan hali namu munafunci ne, ba shi da wani suna.

Ga abin da nake kira a yi. Na farko, kowace ƙungiyar ɗalibai a garin nan ta ware wani abu daga kuɗin da muke biya, ta sayi kayan kiɗa su zama mallakar ɗalibai, yadda in mai ganga ya gama karatu ba zai tafi da gangar ba. Na biyu, a ba makaɗa ɗaki guda na gwaji, da yamma guda a kowane wata da za su yi wasa a gaban jama'a. Na uku, duk taron da za a biya baƙo, a biya na gida tukuna. Na huɗu, ku makaɗa, kowane ɗan ajin ƙarshe ya horar da magajinsa kafin ya ajiye alƙalami. Ku kuma yayyenmu ma'aikata da kuka fara karɓar albashi, in za ku yi biki ko liyafa, ku tuna da ƙannenku.

Su kuwa samarin nan biyar, ina roƙonsu kada su ajiye jita. Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Ranar da za su sake hawa dandali, ina sahun gaba, kuma duk wanda ya ce ba su ba ne, sai ya hau ya buga mana mu gani.