"Ka daure" ba magani ba ne

Jama'a, akwai kalmar da muka mayar magani a asibiti da gida: "daure". Mai ciwon daji na murƙususu, a ce ya daure. Mai sikila na jin kamar ana sara ƙashinsa, a ce ya daure. Tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye, bayanta duk gyambon kwanciya, ita ko bakin faɗa ba ta da shi. Haƙuri ibada ne, amma ina aka ce a bar mutum cikin azaba alhali akwai magani?

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku: ciwo mai sauƙi, irin su farasitamol, matsakaici, kodin da makamantansa, mai tsanani, mofin. A riƙa bayarwa kan lokaci, kada a jira sai mutum ya fara ihu. A tambaye shi, daga sifili zuwa goma, ina ciwon ya kai? Wanda ba ya magana a karanta fuskarsa, nishinsa da ƙin cin abincinsa. Wannan koyar da shi ake yi, ba a haihuwar kowa da shi.

Na san za a ce ai shaye-shaye ya yi yawa. Gaskiya ne, shi ya sa gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. To amma fisabilillahi, don wani ya bugu a bakin kasuwa sai a kalli mai sikila a ce ɗan ƙwaya ne? Nas ɗin da aka horar ita ke iya bambancewa. Wadda ba a horar ba, tsoro ne zai sa ta hana kowa.

Kuma mu tuna, doguwar jinya a nan gida ake yin ta. Mata, 'ya ko suruka ce ke ɗauka. A sallame su da ledar magunguna, ba wanda ya zaunar da su ya ce a riƙa juya shi duk awa biyu, ko ya gargaɗe su cewa diclofenac ɗin kemis kullum na iya taɓa ƙoda ya jawo olsa.

Hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta sa darasin nan cikin horon sabunta lasisi. Ma'aikatun lafiya na jihohi su wajabta koyar da mai jinya kafin sallama. Kuɗinsa bai kai na taron bita ɗaya a otal ba.

Yau na wani ne a kan gadon nan, gobe ni ko kai. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.