Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Kowace shekara, da zarar damina ta kawo kai, ɗalibanmu na ajin ƙarshe na babbar sakandare sukan zauna jarrabawar WAEC, ta NECO ta biyo baya. Babu darasin da ke hana iyaye barci kamar Turanci, domin yaron da bai sami kiredit a cikinsa ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da ya ci sauran. A takarda ta biyu ta Turancin WAEC, insha'i kaɗai na ɗauke da maki 50. Ana ba da tambayoyi biyar, ɗalibi ya zaɓi ɗaya, ya rubuta kimanin kalmomi 450 cikin minti 50.

Gaskiya ɗaya ce, ko da a kanmu za ta faɗa. A makarantu da yawa, shirin da ake yi wa wannan sashe bai wuce hadda ba. Sai jarrabawa ta ƙarato ake raba wa yara insha'in da wani ya rubuta, su haddace, su je su juye. Wani lokaci ma daga hannun ɗayanmu takardar ke fitowa. 'Yan'uwanmu da ke zuwa duba takardun jarrabawa sun san ƙarshen wannan hanya: a tambayi yaro illar shaye-shaye, ya kawo labarin bikin ƙanwarsa, makin ya zube tun daga layin farko.

Ya kamata kowane ɗalibi ya san yadda ake raba makin nan. Goma na abin da rubutun ya ƙunsa ne, goma na tsari, ashirin na sarrafa harshe, goma na ƙa'idojin rubutu. A wannan kaso na ƙarshe ana cire rabin maki kan kowane kuskure na nahawu, ko harafi, ko alamar rubutu. Ke nan kurakurai ashirin sun isa su cinye goman ƙurmus. Saboda haka gajeriyar jimla mai lafiya ta fi doguwa mai ɗingishi, kuma kalmar da yaro ya sani ta fi wadda ya aro don burgewa.

Dabarun da muke so mu ga ana koyarwa ba su da wuya. Ɗalibi ya karanta tambayoyin biyar duka kafin ya zaɓa, ya kuma gane irin rubutun da ake nema. Wasiƙa zuwa ga hukuma tana buƙatar adireshi biyu, da kwanan wata, da kanu, da sa hannu tare da cikakken suna, ta aboki kuwa adireshi ɗaya da sunan yanka sun wadatar. A muhawara, ana fara gaida shugaban taro da alƙalai, sannan a bayyana ɓangaren da aka tsaya. Ya ware minti biyar na farko ya jera hujjoji uku a gefe, ya ba kowace hujja sakin layinta. Ya bar minti biyar na ƙarshe ya bi rubutun yana gyara. Kada ya manta cewa sashen fahimta da na taƙaitawa suna jiransa a cikin sa'o'i biyun nan.

Amma jin dabara daban, iya ta daban. Hannu ba ya faɗawa sai da yawan rubutu, rubutun kuma ba ya gyaruwa sai an duba an nuna kuskure. A nan ne gizo ke saƙa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare. Mu yi lissafi: malamin da ke riƙe da aji huɗu masu yara 80 kowanne, takardu 320 ke gabansa. In ya ba kowace minti biyar, ya haura sa'o'i 26 kafin ya gama duba insha'i guda. Wannan nauyi shi ke tura malami nagari zuwa ga hadda.

Don haka muna kira ga ma'aikatar ilimi da ta ɗauki ƙarin malaman harshe, ta kuma rage cunkoson azuzuwa. Shugabannin makarantu su ware darasi biyu a jere kowane mako domin rubutu, tun daga aji ɗaya. Mu malamai, kafin ƙarin hannu ya iso, mu riƙa ba da sakin layi ɗaya maimakon shafi biyu, mu sa yara su musanya littattafai su duba na juna, mu gyara kurakuran da suka fi yawa a kan allo. Iyaye kuma su ba yaro littafin rubutu, da fitila, da rabin sa'a da ba talla ba aike.

Yaron da ya rubuta insha'i ɗaya kowane mako biyu na tsawon shekara uku, ba zai shiga zauren jarrabawa yana neman ta-maza a aljihu ba. Allah Ya ba 'ya'yanmu sa'a, Ya kuma ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu.